Matsalar danshi a bango da daɓen gareji: bayani daga yankin Jibiya

A garuruwan kan iyaka irin su Riko da Magama da ita kanta Jibiya a jihar Katsina, gareji ya wuce wurin kwanan mota. A cikinsa ake jibge buhunan gero da wake da gyaɗa, da takin zamani, da siminti, da kayan gyaran mota, wani sa'in ma jarin gida ɗungurungum. Danshi na daga cikin abubuwan da ke cinye wannan jari a hankali, kuma mafi yawan kuɗin da ake kashewa a kansa na ƙarewa ne wajen ɓoye alamarsa, alhali ruwan na nan yana shigowa ta inda ya saba.

Harkar yankin ta ta'allaƙa ne a kan hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta bi ta Jibiya, ta tsallaka zuwa Ɗan Isa a Jamhuriyar Nijer, ta dangana da Maraɗi. Muddin hanya na buɗe, kaya ba sa daɗewa a ƙasa. To amma a watan Agustan shekara ta 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kuma ba a sake buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilun 2022. An sake rufe ta a watan Agustan 2023 sakamakon juyin mulkin da sojoji suka yi a Nijer, har ya zuwa watan Maris na 2024. A irin waɗannan lokuta, kayan da aka saba juyawa cikin mako guda kan shafe damina sukutum a ajiye, kuma a nan ne ɗakin ajiya ke nuna ainihin halinsa.

Ruwa kaɗan, amma a dunƙule

Baƙo zai iya mamakin yadda ake maganar danshi a yankin da kan shafe watanni bakwai zuwa takwas ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Abin da ke sauka a arewacin jihar Katsina a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, wato kwatankwacin na birnin Landan. Sai dai a Landan ruwan na rarrabuwa ne a tsawon shekara, a nan kuwa kusan dukkansa na zuba tsakanin watan Yuni da Satumba, kuma kaso mai tsoka daga ciki a 'yan kwanaki ƙalilan.

Lissafin ba shi da wuya. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya daidai yake da lita ɗaya. Garejin da tsawonsa ya kai mita 6, faɗinsa mita 4, idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare guda, rufinsa kaɗai zai zubo da lita 1,200, kimanin duro shida ke nan. A damina guda abin zai haura lita 14,000. Idan rufin ba shi da magudana, duk wannan ruwa a gindin bango yake sauka.

Mutanen Jibiya ba sa bukatar a ba su labarin ƙarfin ruwa. A daren 15 ga watan Yulin shekara ta 2018 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya haddasa ambaliyar da ta hallaka mutane sama da 40, ta kuma rusa ɗaruruwan gidaje a unguwanni irin su Kwata da Tukare da Ɗantudu. Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature ta buga a shekara ta 2017 ya nuna cewar yawan aukuwar manyan hadura masu zubar da ruwa mai tsanani a yankin Sahel ya ninka har sau uku tun daga 1982. A daminar 2024 jihar Maraɗi na cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ta'adi a Nijer, kuma a ranar 3 ga watan Satumban wannan shekara tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe.

Ambaliya ce ke shiga kanun labarai. Danshin yau da kullum kuwa ba shi da ƙara, amma shi ke raunana gindin gini shekara da shekaru, ta yadda ranar da babban ruwa zai zo zai tarar an riga an yi masa rabin aikin.

Abin da ya sa gareji ya fi sauran ɗakuna shan wuya

Galibi gareji shi ne ɓangaren da ake ginawa daga ƙarshe, da ragowar kuɗi da ragowar bulo. Sau da yawa bangonsa ɗaya ko biyu katangar gida ce da aka ɗora wa rufi, katanga kuwa ba kasafai ake yi mata harsashi mai kyau ba, balle shingen danshi. Ƙofarsa na da faɗi, ba ta da dokin ƙofa domin mota ta samu shiga, sannan ana sassauta tsayin daɓensa ya kusanci na titi. Da tafiya ta yi tafiya, yashi da shara da cikon da maƙwabta ke zubawa sai su ɗaga titin, ko kuma a zo aikin hanya a ƙara mata tudu, a wayi gari garejin ya koma kwari.

Ruwa na shiga irin wannan gini ta hanyoyi uku, kuma kowacce da maganinta. Rashin bambance su shi ne babban dalilin asarar kuɗi.

Na farko shi ne danshin da ke hawa daga ƙasa. Bulo da filasta da kankare cike suke da ƙananan kafofin da ido ba ya gani, kuma ruwan da ke cikin ƙasa na bin su yana hawa, tamkar yadda kananzir ke bin lagwanin fitila. Alamarsa ita ce naso mai layi a kwance daga gindin bango, wanda bai cika wuce mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, tare da fenti mai kumbura da filasta mai marmashewa. Ya fi tsanani a fadama da wuraren da ke dab da gonakin noman rani, inda ruwa ke kusa. A kan jigawa, inda yashi ke tsotse ruwa nan da nan, yana da sauƙi, in dai ba wani abu ke jiƙa ƙasar a kai a kai ba.

Na biyu shi ne ruwan da ke kutsowa daga gefe ko daga sama: ruwan da iska ke kaɗawa ya doki bango, musamman na gabas inda hadari ya fi tasowa, da fantsamar da ke tashi idan ruwan rufi ya faɗi ƙasa, da yoyon kwano a ramin ƙusa, da tsaguwar filasta, da cikon da aka jingina wa bango daga waje. Bulon siminti mai rami na da wani hali a nan: ruwan da ya shiga ta saman katangar da ba a rufe kanta ba na gangarawa ta cikin ramukan ya taru a ƙasa, sai ya fito da kamannin danshin da ya hawo daga ƙasa, a yi ta yi masa maganin cutar da ba ita ke damunsa ba.

Na uku shi ne gumi. Iskar damina na ɗauke da tururin ruwa mai yawa, idan ta taɓa abu mai sanyi sai ta sauke shi, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi ke jiƙewa daga waje. Kwanon rufi kan yi sanyi da asuba ya riƙa ɗigo ta ciki, haka nan daɓen siminti a garejin da ba shi da taga. Motar da aka shigar a jiƙe aka kulle ƙofa tana ƙara wa abin ƙarfi.

Gishiri, da dalilin zubar bango a rani

Abin da kan rikita masu gidaje shi ne ganin filasta na zuba kamar gari a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da babu ko alamar ruwa. Dalili kuwa shi ne ruwan da ya hau bango da damina ya taho da narkakken gishiri daga ƙasa. Idan hunturu ya shigo, laimar iska ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ruwan sai ya ƙafe ya bar gishirin, shi kuma ya daskare a cikin kafofin filasta ya riƙa tsattsaga su daga ciki. Farin garin da ake gani a jikin bango, mai kama da kanwa, shi ne wannan.

Wani nau'in gishirin ma yana jawo laima daga iska da kansa, saboda haka bangon da ya riga ya sha shi kan ci gaba da jiƙewa duk damina ko da an toshe hanyar ruwa. A gidajenmu akwai abubuwan da ke ƙara wannan gishiri waɗanda littattafan gini na Turai ba su cika ambata ba: turken tumaki da awaki a jikin katanga, da makewayi ko masai a bayan bango, da lungun da masu wucewa suka mayar wurin fitsari, da buhunan takin zamani ko na gishiri ko kanwa da aka ajiye kai tsaye a kan daɓe. Taki mai sinadarin amoniya, musamman, idan ya narke yana cin kankare.

Bincike kafin a kira magini

Lokacin bincike shi ne tsakiyar damina. Mai gida ya fita da laima ana cikin ruwa ya zagaya ginin, ya ga inda ruwan rufi ke sauka, da inda yake kwanciya, da inda na maƙwabci ke bi. Minti goma na wannan kallo sun fi shawarar wanda ya zo da rani yana hasashe. Sai a zana layi da gawayi a kan iyakar nason, a rubuta kwanan wata, domin a san ko yana hawa ko yana sauka.

Dangane da daɓe, akwai gwaji mai sauƙi da injiniyoyi a Amurka suka amince da shi a matsayin mizani. A yanko leda mai kauri, santimita 45 kowane gefe, a shimfiɗa a kan daɓen a liƙe gefunanta kaf da salatif, a bar ta aƙalla sa'o'i 16, in an samu kwana biyu ya fi. Idan aka ɗaga aka ga ƙarƙashinta ya jiƙe ko simintin ya yi duhu, to daga ƙasa ruwan ke fitowa. Idan kuwa samanta ne ya yi raɓa, matsalar ta iska ce, kuma tagogi take bukata. Ana iya yin irin wannan a jikin bango.

Nason da bai bushe ba har watan Maris ko Afrilu ba na ruwan sama ba ne. A nemi bututun da ya fashe, ko tankin da ke ambaliya, ko sokawe, ko wurin alwala da wanke-wanke da ke jikin bangon. Kazalika idan aka ga tsaguwa mai faɗi da ke ƙaruwa, ko bango ya karkata, ko rodin da ke cikin ginshiƙi ya yi tsatsa har ya fasa kankare, maganar ta wuce ta danshi, a kira injiniyan gini, a kuma fitar da mutane da kaya daga ƙarƙashinsa.

A fara daga waje

Aikin da ya fi araha shi ne ya fi tasiri, sai dai ba shi da ƙawa, shi ya sa ake tsallake shi. A sa wa rufi magudana da bututun da zai kai ruwan nesa da gini, ko a tara shi a tanki, wanda riba biyu ne a yankin da ruwa ke tsada da rani. Bakin kwano ya zarce bango da kimanin santimita 60. A rufe kan katanga da kankare mai ɗan gangare. A kwashe duk cikon da ya hau jikin bango, ta yadda daɓen ciki zai ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15, sannan a gyara ƙasar ta gangara daga gini zuwa waje, misalin santimita 15 a cikin mita uku na farko. A zagaye gindin bango da dakali ko shimfiɗar kankare mai gangare. A bakin ƙofa a yi ɗan tudu mai sulɓi da mota za ta iya hawa, da lambatu mai murfin ƙarfe a gabansa.

Inda ƙasa ke riƙe ruwa, ana haƙa rami a tsaye da bango, da ɗan tazara daga gare shi kuma kada ya zarce harsashi zurfi, a kwantar da bututu mai huji a ciki, a cika da tsakuwa, a ba shi gangare zuwa kwata. Masu jin Turanci na kiran wannan magudana da sunan da ke sa a zaci daga Faransa ta fito, alhali sunan wani Ba'amurke ne, Henry French, wanda ya bayyana ta a littafinsa kan janye ruwa daga gonaki a shekara ta 1859. Sharaɗinta shi ne a samu inda ruwan zai fita. In babu, an haƙa wa gini tafki ne kawai a gindinsa.

Gyaran bango

Abin da ke hana ruwa hawa bango shi ne shinge da ake shimfiɗawa a kwance a cikin ginin, sama da ƙasar waje da santimita 15, na leda mai kauri ko tabarmar kwalta. Dokokin gini a Biritaniya sun fara wajabta shi tun cikin shekarun 1870, lokacin da ake amfani da falalen dutse. A Nijeriya kowane magini ya san kalmar DPC, amma a wurare da dama abin da ake nufi da ita shi ne matakin da gini ya kai, ko kankaren da aka zuba a kan harsashi, ba tare da an sa wani abu mai tare ruwa ba. Kankare zalla yana rage danshi, amma ba ya tsayar da shi.

Shi kansa bulon abin dubawa ne. Mizanin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Nijeriya, SON, ya tanadi cewar kada bulon siminti ya sha ruwan da ya wuce kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa, kuma binciken da aka sha gudanarwa a jami'o'in ƙasar ya nuna cewar da yawa daga bulon kasuwa ba ya cika ƙa'ida, saboda ana matse buhun siminti ɗaya a fitar da bulo fiye da kima. Mai saye zai iya auna busasshen bulo, ya jiƙa shi kwana ɗaya, ya sake aunawa: mai nauyin kilo 20 bai kamata ya ƙara fiye da kilo biyu da ɗan ɗori ba.

Ginin da aka riga aka yi babu shinge ana iya sa masa daga baya, ta hanyar yanke layin simintin da ke tsakanin bulo, ɓangare ɓangare, kada kowane ya kai mita ɗaya, ana tsallake wani a yi wani, a cusa shingen a cike, a bar shi ya kama kafin a taɓa na kusa da shi. Aiki ne na ƙwararre, domin gaggawa a cikinsa na iya zaunar da bango. Akwai kuma sinadarai da ake ɗura wa bango ta huji, sai dai an tsara su ne domin jan bulo marar rami, kuma a bulo mai rami ba sa aiki sai an bi layin simintin daidai.

Bayan an tare ruwa ne ake komawa kan filasta. A fasa wadda gishiri ya ci, har a zarce iyakar naso da santimita 30 ko fiye, a kankare farin garin da busasshen buroshi a kwashe shi, kada a wanke da ruwa domin zai narke ya koma ciki. Sannan a ƙyale bangon tsirara ya sha iska. Ƙiyasin da magina ke amfani da shi a Turai shi ne wata guda ga kowane santimita biyu da rabi na kaurin bango. Hunturun Katsina ya fi haka sauri, amma dai magana ce ta watanni. Sabuwar filasta a yi ta da yashi mai tsabta marar gishiri, kuma a bar 'yar tazara tsakaninta da daɓe don kada ta zame wa ruwa gada.

Abin da ya zama ruwan dare a yanzu shi ne a manna tayil a gindin bango ko a shafa fentin mai. Wannan yana faranta ido na shekara ɗaya ko biyu. Ruwan da aka hana fita ta ƙasa sai ya ƙara hawa ya fito a saman tayil ɗin, ko ya ɓulla ta ɗaya fuskar, a ƙarshe tayil ɗin ya ɓamɓaro da filastarsa. Ga bangon da ya taɓa yin danshi, farar ƙasa ko fentin ruwa sun fi dacewa, domin suna barin tururi ya fita.

Daɓe, da darasin madatsar Jibiya

Misalin maganin daɓe yana nan a yankin. Madatsar ruwan Jibiya da aka kammala a shekara ta 1991 a kan kogin Gada, wanda ke shiga Nijer ya zama Gulbin Maraɗi, tana iya ɗaukar ruwa kimanin mita miliyan 142 na murabba'in sukari-uku, wato ma'aunin tsawo da faɗi da zurfi. Da ƙasa aka gina ta, kuma da yake ƙasar wurin rairayi ce da ba ta riƙe ruwa, injiniyoyi sun lulluɓe fuskarta da shimfiɗar roba mai lanƙwasuwa wadda ruwa ba ya ratsawa. Wannan dabara ce ake bukata a ƙarƙashin daɓen gareji, a ɗan ƙaramin mizani.

Tsarin shi ne a daddaɓe ciko sosai, a zuba fasasshen dutse kimanin santimita 15, a bi shi da lallausan yashi don kada dutsen ya huda leda, sannan a shimfiɗa leda ta gini mai kaurin rubu'in milimita ko fiye, gefe na hawa gefe da aƙalla santimita 15, a naɗe bakinta sama ya haɗu da shingen bango. A kai ake zuba kankare mai kaurin santimita 10 ga ƙananan motoci, 15 da rodi ga manya, da gangaren santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita zuwa ƙofa. A riƙa ba shi ruwa na mako guda a rufe, domin kankaren da iska ta busar da wuri tsattsagewa yake yi.

Tsohon daɓen da bai farfashe ba, idan tsayin ƙofa ya bari, ana iya shimfiɗa leda a kansa a zuba sabon kankare. Wanda ya zauna ko ya yi rami a ƙarƙashi sai an fasa. Shafa fentin daɓe a kan siminti mai danshi kuwa asarar kuɗi ce, zai tashi. Sai tagogin iska: ƙanana biyu a bangaye masu fuskantar juna, ɗaya ƙasa ɗaya sama, da raga. Sai dai kada wannan ya sa a ɗauka an samu damar kunna janareta ko barin mota a kunne a ciki, domin hayaƙinsu marar wari na kisa. Soket ɗin lantarki da ke jikin bango mai naso a ɗaga shi sama.

Idan ginin na ƙasa ne

Magina na gargajiya sun san wannan matsala tun kafin zuwan siminti. Indararo na jefa ruwan soro nesa da bango, dakali na kare gindinsa, ana haɗa makuba daga kwasfar ɗorawa a cikin yaɓe da daɓe, ana kuma amfani da katsi na marina wajen haɗa laso. Uwa uba, ana sabunta yaɓe kafin damina. Da irin wannan kulawa hasumiyar Gobarau ta Katsina ta shafe ɗaruruwan shekaru a tsaye, kuma har yanzu mutanen Djenne a Mali na fitowa duk shekara su yaɓe babban masallacinsu.

Kuskuren da ya yaɗu shi ne shafe bangon ƙasa da siminti. Su biyun ba sa kama juna sosai, kuma ba sa motsi tare idan zafi ya sauya, sai simintin ya tsage, ruwa ya shiga ya rasa mafita. Ƙasar na narkewa a ɓoye a bayan ɓawon da ke nuna lafiya lau, har ranar da bangon zai zube ba tare da gargaɗi ba. Wanda zai yi sabon gini da ƙasa, ya tayar da gindinsa da dutse ko bulon siminti mai kyau har zuwa gwiwa, ya sa shinge, sannan ya ɗora ƙasa, ya kuma ba shi rufi mai faɗin baki.

Lafiya da kayan abinci

A shekara ta 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da funfuna a cikin gine-gine, inda ta tabbatar da alaƙarsu da tari da cututtukan numfashi da tsanantar asma. A Ingila, mutuwar wani yaro ɗan shekara biyu a garin Rochdale a watan Disamban 2020, wadda bincike ya danganta da funfunar gidan hayarsu, ta kai ga kafa dokar da ta ƙayyade wa masu gidajen haya na jama'a wa'adin gyara. Wannan ya shafi gareji, ganin cewar a gidaje da yawa nan ne maigadi ko yaran mota ko almajirai ke kwana.

Haɗarin da ya fi kusa da 'yan kasuwar hatsi shi ne gubar aflatoksin, wadda wata funfuna ke samarwa a gyaɗa da masara idan suka sha laima. An gano ta ne bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a shekara ta 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da gyaɗa. Tana haddasa kansar hanta, dafuwa ba ta kashe ta, kuma a 2004 gurɓatacciyar masara ta hallaka mutane 125 a Kenya. Masara na bukatar bushewa zuwa kashi 13 cikin ɗari na laima kafin ajiya, ɓararriyar gyaɗa kuwa kashi 7 zuwa 8. Wanda ba shi da na'ura zai iya zuba hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba ya girgiza: idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba.

Ko an gyara daɓe, kada buhu ya taɓa ƙasa. A ɗora shi a kan katako mai tsayin santimita 15, a bar tazarar rabin mita tsakaninsa da bango. Buhun nan mai ninki uku na PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masu bincike na Afirka ta Yamma, ciki har da na cibiyar INRAN ta Maraɗi, yana tare iska da laima daga waje, amma ba ya gyara hatsin da aka zuba da danshinsa. Siminti kuwa ko a wuri mai kyau yana fara rasa ƙarfi bayan wata uku, kuma taki da abinci bai kamata su haɗa kusurwa ba.

Haƙƙin maƙwabci da lokacin aiki

Ruwan da aka kora daga gida ɗaya wani wuri zai nufa, kuma rigingimun indararo da kwata tsofaffi ne. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi bayani a kansu a ƙarƙashin ƙa'idar hana cutarwa, har wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, Ibn al-Rami, ya rubuta littafi sukutum kan hukunce-hukuncen gini, wanda ya tattauna magudanan ruwa da bangon da maƙwabta suka yi tarayya a kansa. Idan bangon garejin na haɗaka ne, ko danshin daga makewayin maƙwabci yake zuwa, gyaran fuska ɗaya ba zai yi amfani ba, gara a zauna da shi, in ta kama a sa mai unguwa a ciki. Lambatun layi ma sai an haɗa hannu ake yashe shi.

Game da lokaci, watan Agusta na kallo ne da zana layi. Daga Oktoba zuwa Nuwamba, da zarar ruwa ya ɗauke kuma ƙasa ba ta yi tauri ba, a yi haƙa da magudana, a fasa ruɓaɓɓiyar filasta. A bar wa hunturu bangon har zuwa Fabrairu. Filasta da daɓe a yi su kafin ƙarshen Afrilu, da safe ko da yamma, ana ba su ruwa. Fenti kuwa a jinkirta shi har damina ɗaya ta wuce, a duba ko naso ya sake kaiwa inda layin gawayi yake a bara.